Uwar Goyon Sarki: Madam Ventadour da Ƙofar da Ta Rufe a 1712

A fadar Versailles ta ƙasar Faransa, cikin ƙasa da wata guda a farkon shekarar 1712, gawa uku aka fitar daga gida ɗaya. Gimbiya Marie-Adélaïde ce ta fara tafiya ranar 12 ga Fabrairu, tana da shekara 26. Kwana shida tsakani mijinta, Duke na Burgundy, jikan Sarki Luwi na 14 kuma yarima mai jiran gado, ya bi bayanta. Ranar 8 ga Maris babban ɗansu, yaro ɗan shekara 5, shi ma ya cika. Mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa ƙyanda ce ta kwashe su, don ta yi ta ɓarna a Paris a wannan hunturun. Mutum ɗaya ya rage a ɗakin, ƙaramin ɗansu mai shekara 2, wanda ko yaye shi ba a yi ba, kuma shi ma cutar ta riga ta kama shi. An yi wa yaran biyu baftisma a gurguje rana ɗaya, domin ba wanda ya sa ran za su kwana.

Likitocin fada suka taru a kan wan, suna tsaga masa jijiya suna zubar da jini, har rai ya yi halinsa. Kafin su juyo kan ƙanin, matar da ke riƙonsa da mata masu yi masa hidima sun riga sun shige ɗaki da shi sun rufe ƙofa. Suka ce ba mai taɓa jinin yaron nan. Suka lulluɓe shi da kyau, suka bar shi da nonon mai shayar da shi. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba, ya tashi. Shi ne ya zama Luwi na 15, ya yi kusan shekara 59 a kan gadon sarautar Faransa.

Sunan matar Charlotte de La Mothe-Houdancourt, amma da sarautar mijinta aka san ta, Madam Ventadour. A lokacin ta doshi shekara 60. Yawanci ana ba da labarinta ne a matsayin tausayin uwa da ya rinjayi taurin kan likitoci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya san yadda fadar Luwi na 14 take, inda ko zama a kan kujera 'yar tsugunno a gaban sarauniya sai mai wani matsayi, dole ya tambaya: da wane iko mace ɗaya ta tare ƙofa ta hana likitocin sarki shiga wurin magajin sarki, kuma ba a kore ta ba?

Amsar tana cikin muƙamin da ta riƙe. Uwar goyon 'ya'yan sarautar Faransa sarauta ce sukutum, ba aikin raino irin na 'yar aiki ba. Mai riƙe da ita a hannun sarki take yin rantsuwar kama aiki, kai tsaye, ba ta hannun wani wakili ba. Daga ranar da aka haifi jariri ake danƙa mata shi, a ɗakinsa take kwana, kuma ba ta matsawa ko'ina sai da izini. A ƙarƙashinta akwai mataimaka, da mai shayarwa, da wata mace da aikinta kawai naɗe jariri da sauya masa tsumma, da kuyangi masu yawa. Uwar da ta haifi yaro zuwa take ta gan shi ta koma ga hidimar fada. Mu da muka saba da riƙo, inda kaka ko gwaggo kan ɗauki yaro tun yana ƙarami har ya tashi yana kiranta uwa, wannan ɓangaren ba zai ba mu mamaki ba. Bambancin shi ne a can riƙon na da rantsuwa da albashi da ranar miƙa amana. Idan yaro namiji ya cika shekara 7, sai a tuɓe shi a gaban likitoci da manyan fada, a duba jikinsa gaɓa-gaɓa, a shaida cewa lafiya lau aka karɓe shi, sannan a miƙa shi hannun maza. Wato jiki aka ba ta, jiki kuma za ta mayar. Wanda aka ɗora wa alhakin abu har haka, yana da bakin cewa a'a idan ya ga za a lalata masa amana.

Sannan ba baƙuwa ba ce a wannan ɗaki. Mahaifinta, Philippe de La Mothe-Houdancourt, babban hafsan sojan Faransa ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta, Louise de Prie, ita ke riƙe da wannan muƙami tun 1664, ita ta goyi 'ya'yan Luwi na 14 da jikokinsa. Ta aurar da 'ya'yanta mata uku duka ga masu sarautar duke. Rabon Charlotte a 1671 shi ne Duke na Ventadour, mutumin da mutanen zamaninsa suka haɗu a kan muninsa da lalacewarsa. 'Ya ɗaya suka haifa, zaman ya ƙi, ta bar masa gidansa. Ta yi kusan shekara 20 tana hidima a gidan Elisabeth Charlotte, Bajamushiyar matar ƙanin sarki, sannan a 1704 aka haɗa ta da mahaifiyarta a ɗakin raino da sharaɗin ita za ta gada. Tsohuwar ta rasu a 1709. Ta kuma samu jingina wurin Madam Maintenon, matar da sarki ya aura a asirce, wadda ita ma daga rainon 'ya'yan sarki na waje ta taso har ta kai inda ta kai. Mace mai irin wannan gindin, ga shekaru, ga ba miji a kanta da zai ce ta yi ko ta bari, ba ta cikin waɗanda ake yi wa tsawa su buɗe ƙofa.

Akwai kuma abin da idonta ya gani. Ɗan farin Marie-Adélaïde, wanda aka haifa a 1704, a hannunsu ya rasu a 1705 bai cika shekara ba, likitoci na kansa. Yanzu ga uwar, ga uban, ga wan, kowanne an yi masa abin da littafi ya ce, kowanne ya tafi. Ba sai ta yi karatun likita ba kafin ta ƙirga wannan.

Bai kamata a mayar da likitocin wawaye ba. Shugabansu, Fagon, yana cikin mafi ilimin mutanen zamaninsa. Abin da suka gada ne daga Jalinusu, likitan nan na zamanin Rumawa wanda malaman ɗibbu na ƙasashen Musulmi ma suka yi ta karantawa: jiki na tafiya ne a kan ruwaye huɗu, jini da majina da madaci iri biyu, kuma zazzaɓi alama ce ta jini ya yi yawa ko ya ɓaci, don haka a rage shi. A babban mutum mai ƙarfi, jiki kan jure. A yaron da zazzaɓi ya riga ya ƙafar masa da ruwan jiki, kowane kofin jini da aka ɗiba ƙara tura shi ake yi bakin kabari. Ƙyanda har yau ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye. Rigakafi ake yi, idan kuma ta kama yaro sai a kula da ruwa da abinci da ɗumi har jiki ya yi yaƙinsa. Abin da matan nan suka yi ke nan ba tare da sun san sunansa ba. Kada kuma a ɗauka Madam Ventadour ta fi zamaninta wayewa. Saint-Simon, bafaden da ya rubuta abubuwan da ya gani a fadar, ya ce ta aika an karɓo mata wani maganin karya guba da wata baiwar Allah ta zo da shi daga birnin Turin na Italiya, ta ba yaron. Ita ma, kamar rabin mutanen fada, tana zargin sa hannu ne. Jita-jita ta cika Paris cewa Duke na Orléans, ɗan ƙanin sarki, mai sha'awar haɗe-haɗen sinadarai, shi ke share hanya. Babu hujjar da ta taɓa tabbatar da haka, kuma babban likitan tiyata na sarki, Maréchal, ya tsaya kai da fata cewa ciwo ne na Allah da Annabi. Amma tsoron guba ya taimaka wajen rufe ƙofar nan kamar yadda ƙin zubar da jini ya taimaka.

Me ya sa ran yaro ɗan shekara 2 ya zama maganar Turai baki ɗaya? A nan ne lamarin ya fi sarƙewa. A Faransa mace ba ta gadon sarauta, ba a kuma bi ta tsatsonta. Luwi na 14 ɗa namiji ɗaya na aure ya raya, shi kuwa agana ta kashe shi a Afrilun 1711. Wannan ɗan ya bar maza uku: Burgundy da ya rasu, sai Filib, sai Duke na Berry. Filib kuwa tun 1700 yake sarautar Sifaniya, bayan sarkinta ya mutu ba magaji ya yi masa wasiyya da gadon. A kan haka Ingila da Holan da Ostiriya suka ɗaura yaƙi da Faransa tun 1701, don ba za su yarda gida ɗaya ya haɗa Faransa da Sifaniya da duk mallakarta ta nahiyar Amurka ba. A Janairun 1712, bayan shekara goma ana zubar da jini, wakilai suka zauna a garin Utrecht na Holan neman sulhu. Wata biyu bayan nan sai ga shi tsakanin Filib da rawanin Faransa babu kowa sai jaririn da ke kwance da ƙyanda. Da ya mutu, abin da aka yi yaƙin don hanawa shi zai faru a dare ɗaya.

Ingila ta matsa lamba sai Filib ya zaɓi ɗaya, kuma a Nuwamban 1712 ya yi rantsuwa a gaban majalisar Sifaniya cewa ya yafe haƙƙinsa na gadon Faransa, shi da zuriyarsa. A kan haka aka sa hannu a yarjejeniyar Utrecht a 1713. Amma ministan harkokin wajen Faransa da kansa ya gaya wa Turawan Ingila cewa a dokar ƙasarsu irin wannan rantsuwa ba ta ɗaure kowa, don sarauta ba dukiyar mutum ba ce balle ya yafe ta. Kowa ya san takarda ce kawai, kuma abin da ke hana a gwada ƙarfinta shi ne numfashin yaron nan. Da Berry ya rasu a Mayun 1714, sai abin ya ƙara tsananta. Tsohon sarki ya ruɗe har ya fitar da doka a shekarar cewa 'ya'yansa biyu na waje, Maine da Toulouse, za su iya gado idan zuriyar aure ta ƙare.

Ranar 26 ga Agustan 1715 Madam Ventadour ta kai yaron bakin gadon kakan mahaifinsa, Luwi na 14, tsoho mai shekara kusan 77, ƙafarsa na ruɓewa. A nan ya yi masa wasiyyar da ta shahara, cewa kada ya yi koyi da shi wajen son yaƙi. Ranar 1 ga Satumba ya cika. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka kai sabon sarki ɗan shekara 5 babbar kotun Paris don tabbatar da Duke na Orléans a matsayin mai riƙon ƙwarya, kuma a zauren da ba a saba ganin mace a wurin zama na hukuma ba, ga Madam Ventadour a gindin karagar.

Daga nan riƙo ya zama iri biyu a Faransa, mai riƙon ƙwarya da mai riƙon yaro. Abin da ya sa zaman ya yi nauyi shi ne, idan aka bi yarjejeniyar Utrecht, mai riƙon ƙwaryar shi ne zai gaji yaron in ya mutu, kuma shi ne dai wanda aka zarga da guba shekara uku da suka wuce. Tarihi ya wanke Orléans, ya riƙe amana har yaron ya balaga, kuma alamu sun nuna yana ƙaunarsa. Amma mutanen da ke kewaye da yaron ba su da tarihi a hannu, zato kawai suke da shi. An ɗauke shi daga Versailles zuwa Vincennes saboda kyan iska, daga baya zuwa fadar Tuileries a tsakiyar Paris, kuma kowane atishawa nasa labari ne a ofisoshin jakadanci.

A nan ne nake ganin za a iya yi mata hisabi, idan za a yi. Ta raini yaron ne da manufa ɗaya, ya rayu. Wasiƙun da ta riƙa aika wa Madam Maintenon cike suke da batun cinsa da barcinsa da lafiyarsa, kuma matan biyu sun yarda a kan kada a takura masa da karatu ko horo, lafiya tukuna. Ita da kanta ta lura yaro ne mai yawan shiru da damuwa, wanda bukukuwan fada ke gajiyar da shi, yana samun sauƙi duk lokacin da aka ƙyale shi ya daina zama sarki. Masu sukar Luwi na 15 daga baya, sarkin da ya yi ta gudun yanke hukunci, mai ɓoye cikinsa, mai neman mafaka wurin mata, sukan mayar da laifin ga shagwaɓar ɗakin raino. Ni dai ina ganin an yi mata rashin adalci. Maraya ne da ya rasa uwa da uba da wa a wata guda, aka ɗora masa rawani yana shekara 5, dubban idanu na kallon yadda yake cin abinci. Wane irin horo ne zai gyara wannan? Kuma shekara 7 kawai ta yi da shi. Wanda ya karɓe shi daga hannunta, Villeroy, tsohon hafsan da ya fi ƙwarewa a fadanci fiye da fagen fama, shi ne ya riƙa nuna masa taron jama'a ta taga yana ce masa duk nasa ne, yana kuma kulle burodinsa da man shanu da makulli don a ga yana tsare shi daga guba. In ana neman inda tarbiyya ta karkace, a fara dubawa can.

Ranar miƙa amanar ita ce 15 ga Fabrairun 1717. Aka duba yaron, aka shaida lafiyarsa, Madam Ventadour ta miƙa shi ga mai riƙon ƙwarya ta juya za ta fita. Sarkin Faransa ya fashe da kuka ya riƙe ta, ya ƙi cin abinci sai da aka dawo da ita ta lallashe shi. Mama yake kiranta, kuma bai daina ba har ya girma.

Da a ce nan labarinta ya tsaya, da an ce ta gama da daraja. Sai siyasa ta sake kawo mata wani riƙon, wanda ya nuna iyakar ikon nata. Bayan Faransa da Sifaniya sun gwabza ɗan gajeren yaƙi a 1719, aka shirya sulhu da aure: Luwi zai auri 'yar Filib, Mariana Victoria. Aka kawo yarinyar Paris a 1722 ba ta cika shekara 4 ba, ango na da 12, aka danƙa ta ga Madam Ventadour ta raine ta har ta isa aure. Tsohuwar ta ɗauki son duniya ta ɗora wa yarinyar. Amma Orléans ya rasu a 1723, kuma Duke na Bourbon da ya karɓi ragamar gwamnati ya yi lissafi: kafin yarinyar nan ta isa haihuwa sai an jira shekara goma, in kuwa sarki ya mutu kafin nan, gado ya tafi gidan Orléans, abokan hamayyarsa. Da sarki ya yi wata rashin lafiya a farkon 1725, sai aka yanke shawara. Aka mayar da yarinyar gidan ubanta tana shekara 7, abin da ya fusata Sifaniya matuƙa, aka aura wa Luwi Marie Leszczyńska, 'yar wani sarkin Folan da aka tuɓe, wadda ta girme shi da shekara 7 kuma a shirye take ta haihu. Matar da ta hana likitoci shiga a 1712 ba ta iya hana wannan ba. Ikonta a kan jikin yaro yake, ba a kan abin da masu mulki za su yi da yaron ba. Yarinyar daga baya ta zama sarauniyar Fotugal.

Sabuwar sarauniya ta fara da tagwaye mata a 1727, ta haifi yarima mai jiran gado a 1729, ta yi haihuwa har 'ya'ya goma cikin shekara goma. Luwi bai nemi wata uwar goyo ba, Mamansa ya kira, tana da shekara sama da 70. Ta riƙe ɗakin har 1735, sannan ta sauka ta bar wa jikarta, Madam Tallard. Daga ita sai Madam Marsan, tattaɓa-kunnen Ventadour, wadda ta goyi Luwi na 16 da ƙannensa, daga ita kuma sai 'yar ɗan'uwanta, Madam Guéméné. Tun daga 1664 har 1782 muƙamin bai bar zuriyar mace ɗaya ba, yana bi ta hannun 'ya da jika da 'yar ɗan'uwa, a ƙasar da dokarta ta haramta wa mace gadon sarauta. Abin da ya yanke igiyar bashi ne: mijin Madam Guéméné ya karye da bashin da ya kai kimanin liba miliyan 33 na kuɗin Faransa na lokacin, dole ta ajiye aiki, sarauniya Marie Antoinette, matar Luwi na 16, ta ba ƙawarta Madam Polignac.

Madam Ventadour ta rasu a Disamban 1744 tana da kimanin shekara 90, 'yan watanni bayan yaron da ta goya ya sake tsallake wata mummunar rashin lafiya a garin Metz. Shi kuwa sai a 1774 agana ta ɗauke shi, cutar da ta kashe kakansa.

A gidan adana kayan tarihi na Wallace da ke Landan akwai wani zane da ake jin ita ta sa aka yi shi. Luwi na 14 na zaune a tsakiya, ɗansa na jingine da kujerar, jikansa Burgundy na tsaye a gefe, a baya kuma ga gumakan kawunan sarakuna biyu da suka gabata. Mutanen nan ba su taɓa tsayawa tare a yi musu wannan zane ba, don a lokacin da aka yi shi ɗan da jikan sun riga sun kwanta dama. A gefen hagu ga ƙaramin yaro cikin riga irin ta mata, kamar yadda ake sa wa 'ya'yan sarauta kafin shekara 7, yana miƙa hannu. A bayansa mace ɗaya tilo a cikin zanen, sanye da baƙaƙen kaya, tana riƙe da igiyar da aka ɗaura wa rigarsa don kada ya faɗi.